Yadda Rijiyar Yayata Ta Koma Alamar Tambaya

Karatuna na boko aji uku ne a Kankia, ukun ma rabinsu a kan bishiyar kanya na yi su. Abin da na tsira da shi ajami ne, shi ma ba ƙoƙarina ba ne, mahaifinmu ne ya tsaya a kaina da tsumagiya. Sana'arsa haƙar rijiya. Daga Kafinsoli har Yashe, in ka ga tsohuwar rijiya mai faɗin baki wadda ba ta rufta ba, to ka tambaya, da wuya ba hannunsa ba ne.

Da ya rasu ya bar kundi a naɗe cikin fata. Kowace rijiya da shafinta: garin, unguwar, gaba nawa aka yi kafin a ga danshi, inda aka ci karo da marmara, inda yumɓu ya ba da wahala, da addu'ar da ya karanta kafin ya sauka. Ni aka ba, don ni kaɗai ke iya karanta hannunsa. Baba yana rubutu kamar ana korarsa.

Mu biyu muka rage a cikin 'ya'yansa, ni auta da babbar yayarmu da ke aure a Bauranya. Shekarar da aka kai ta, Baba ya je ya ga nisan da take yi da tulu, ya dawo da dagi da igiya ya haƙa mata rijiya a tsakar gida. Ta san akwai shafin rijiyar nan a kundi, kuma ita ba ta karatu. Duk sallar da muka haɗu sai ta ce, "Auta, ka kawo takardar nan ka karanta mini abin da Baba ya ce." In ce bayan shuka. Bayan shuka in ce bayan girbi. Ba ƙyuya ce kaɗai ba. Ina jin daɗin a ce akwai abin da babbar yaya ke roƙo a hannun ƙaramin da ta goya. Haka muka tsufa, tana roƙo ina ja mata rai.

Ɗiyarta ce ta kawo ƙarshen wasan. Tana aure a nan Kankia, 'ya'yanta biyar, tana da shago kusa da tasha inda take buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki. Wata rana ta tare ni a ƙofar shagon.

"Kawu, Inna fa idonta ya fara tafiya, kai kuma haƙoranka sun riga shi. Kawo kundin nan mu shigar da shi kwamfuta in buga mata, jikokinta su riƙa karanta mata."

Na ce kwamfuta ta iya ajami? Ta ce in zo in gani.

Na zo don in ga ta kunyata, sai ga baƙi yana fitowa daga dama zuwa hagu, tsaf, har da wasali. Ta fara gwada ɗaukar hoton shafukan da waya, amma tawadar ta koɗe ta koma kalar takardar, ba abin da ya fito sai inuwar hannuna. Ta ce in mun gama za ta kai kundin Katsina wurin masu babbar na'ura. Kafin nan, ni in karanta, ita ta buga. Haka muka yi makonni, ina zuwa da hantsi in zauna a kan benci, in buɗe shafi da yatsu biyu kamar mai ɗaga fatar ƙonuwa, ina karantowa tana ƙwanƙwasawa. Ta raba aikin kashi uku: rijiyoyin ɓangaren Kankia, na ɓangaren Yashe, sai na ƙarshe, shafuka kaɗan, inda rijiyar Bauranya take.

Ranar kashi na ukun, ƙaramar kwamfutarta da muke aiki da ita ba caji. Ta tayar da janareta ta kunna tsohuwar ta shago, wata mai ƙaton ƙeya wadda firinta ke haɗe da ita. A nan muka buga shafukan ƙarshe. Muna gamawa ta danna wani abu, daidai lokacin maƙwabciyarta mai ƙosai ta leƙo ta ce ana sallama da ita a waje. Ta fita. Ni kuwa na ga wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar gilashin, cike da Turanci, ya rufe rubutun Baba. Na jira, bai tafi ba. To makonnin nan ina kallon hannunta, na lura duk abin da ya tsaya mata, akwai wani babban maɓalli a dama da take bugawa ya wuce. Na waiga, ba kowa. Na miƙa ɗan yatsa na buga. Akwatin ya ɓace, rubutun Baba ya dawo sarai yadda yake. Na gyara zama, na ji a raina ashe abin da suke zuwa makaranta shekara huɗu su koyo ke nan. Ta dawo, ta duba, ta rufe, ta kashe janareta. Ta ce in dawo jibi, tawadar firinta ta ƙare.

Na tafi da kundi gida. Da la'asar ina zaune a zaure na gaya wa duk wanda ya wuce cewa Baba ya shiga kwamfuta. Washegari da safe mai ɗakina tana shara ta tsaya, ta duƙa, ta ɗago wani ɗan guntun takarda kamar farce. Rabin bisimilla ne a jiki. Kundin ya sha buɗewa a makonnin nan, gefunansa suna ta zuba kamar garin ƙuli. Muka duba ƙasa, ga wasu guntaye, kaza har ta fara tsattsagar ɗaya. A wurinmu takardar da ke ɗauke da sunan Allah, in ta mutu, ba a barinta ƙafa ta taka. Ana ƙona ta a binne tokar a wuri mai tsarki. Na yi tunani, a ganina mai kyau: ga shi an kwashe komai an zuba a na'ura, na gani da idona. Na yi alwala, na ƙona kundin a cikin sabon kasko, na binne tokar a bayan masallacin unguwa. Maganar kai shi Katsina ko tuna ta ban yi ba. Na dawo ina jin kaina kamar wani malami.

Ranar da ta ce na isa shago da sabuwar hula. Ta tura kashi na farko, firinta ta yi tari ta fara amayo takarda. Na ɗauka na juya ta sama, na juya ta ƙasa. Ba ajami, ba boko. Wasu haruffan Turawa ne masu ƙaho da wutsiya, da ƙwai da aka soke da tsinke, sun cika shafi kamar tururuwa ta bi ta cikin tawada.

Ita kuwa dariya ta yi.

"Kada ka damu, Kawu. Ba a gaya mata jadawalin da za ta karanta da shi ba ne."

Na ce wane jadawali, na sallah? Ta jawo kujera. Ta ce kwamfuta ba ta san alif ba, ba ta san ba'u ba, lamba kawai ta sani. Kowane harafi an ba shi lambarsa, akwai jadawalin da ke cewa lamba kaza harafi kaza ne. Sannan manhajar da take rubutu a ciki ba ita ke buga takarda ba, ba ita ke ajiya ba. Miƙa rubutun take yi ga wasu ma'aikata da ke can cikin na'urar tun daga inda aka ƙera ta, su ne masu kai wa firinta, su ne masu adanawa. A wurin miƙawar nan dole mai bayarwa da mai karɓa su riƙe jadawali ɗaya. In mai bayarwa ya ƙirga da wannan, mai karɓa ya duba wancan, lambobin sun isa lafiya, amma abin da zai fito shi ne wannan tururuwar.

Sai na ji abin ya zauna mini, don na san shi tun ina saurayi. In rijiya ta yi zurfi, murya ba ta fitowa daidai, gunji kawai ake ji, don haka da igiya ake magana. A wurin Baba, fizga biyu na nufin ja kwandon ƙasa. Wata shekara a Yashe mutanensa ba su samu zuwa ba, aka haɗa shi da wasu masu ja daga wani gari, su kuma a wurinsu fizga biyu na nufin na ƙasa yana jin yunwa. Baba ya cika kwando ya fizga biyu, sai ga ƙwaryar fura tana saukowa a ɗaya igiyar. Ya sake fizga biyu, aka sauko masa da ruwa. Na uku aka aiko da goro. Da ya fito bai yi faɗa ba, ya zaunar da su ya ce kafin kowa ya sake taɓa igiya, a yi magana a kan biyu mene ne.

Na ba ta labarin. Ta ce, "Shi ke nan, Kawu, ka gama karatun. Da ka tsaya a aji huɗu da yanzu kai ke koya mana."

Na ce to me ya sa jadawalin ya yi yawa, ba a yi ɗaya kowa ya huta ba? Ta ce waɗanda suka fara ƙera abin ɗan ƙarami suka yi, daidai haruffansu. Da Larabawa suka zo suka yi nasu, kowace al'umma ta yi nata, lamba ɗaya ta zama harafi goma, ya danganta da wanda ka tambaya. Daga baya aka yi wani babba wanda ya kwashe rubutun duniya. Ta kira sunansa, wani abu mai ƙarewa da takwas. Na ce har da namu? Har da tsa mai ɗigo uku? Ta ce har da shi, yana da lambarsa shi kaɗai. Wannan ya tsaya mini a rai. Wato akwai wani mutum a wata ƙasa, bai taɓa shan ruwan Kankia ba, ya zauna ya ware wa harafin da Baba ke rubuta tsakuwa da shi lamba. Na so in san ko an gaya masa abin da muke rubutawa da shi.

Mai ƙosai ta leƙo, ta ga takardun da suka lalace, ta miƙa hannu, don ita ke kwashe irinsu tana ƙunshi. Na tambayi ɗiyar yayata ko bisimillar tana nan a cikin tururuwar. Ta ce tana nan ɗungurungum, idonmu ne ba ya gani. Na fizge takardun na cusa a aljihu. Mai ƙosai ta ce, "Baba, yau kuma rowar shara ake?" Na ce ta je ta nemi jarida.

Ɗiyar ta buɗe wani wuri, ta zaɓi babban jadawalin, ta sake turawa. Sai ga rijiyoyin Kankia sun fito, baƙi da wasali, sun fi yadda Baba ya rubuta su kyau. Na Yashe ma haka. Ta buɗe kashi na uku.

Wannan ba tururuwa. Alamar tambaya ce, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, a jere kamar an shuka su. Ta daina murmushi. Ta canza jadawali, suna nan. Ta canza wani, suna nan. Ta rufe ta buɗe.

"Wannan daban ne," in ji ta. "Wancan an karanta ba daidai ba ne. Wannan tun wurin ajiya aka miƙa shi ga ƙaramin jadawalin Turawa. Duk harafin da bai sani ba, sai ya yar da lambarsa ya sa wannan a gurbinsa. Ba abin da ke ƙarƙashi. Amma abin mamaki, tsohuwar nan tana gargaɗi kafin ta yi haka. Akwati take fitarwa ta ce za a yi asara, ka yarda ko a fasa. Ni ban ga akwati ba."

Na kalli fankar sama. Na tambaye ta ko fankar sabuwa ce.

"Kawu."

Na ce ai dama akwatin ya rufe rubutu ne, ni kuma na ga hannunta na yawan zuwa wurin babban maɓallin nan.

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da uwarta ke mini tun ina yawo ba wando. Sannan ta sauke numfashi ta ce ba komai, shafuka kaɗan ne, gobe in zo da kundin mu sake.

A nan ne na cire sabuwar hular na riƙe a hannu. Na gaya mata maganar kaza, da kasko, da bayan masallaci. Ta tashi ta kashe janareta, shagon ya yi tsit, muna jin 'yan kamasho suna kiran Katsina. Can ta ce, "Kai za ka gaya wa Inna. Ni ba ruwana, raka ka kawai zan yi."

Kafin mu tafi ta sake tayar da janareta ta buga shafin rijiyar Bauranya yadda yake, da alamun tambayarsa. Na ce na mene ne? Ta nuna mini abin da ban lura ba. Haruffan sun tafi, amma tazarar da ke tsakanin kalmomi tana nan, don ita tazara kowane jadawali ya san ta. Ana ganin inda kalma ta fara da inda ta ƙare, doguwa ce ko gajeruwa, layi nawa ne. Kamar gidan da ya rushe ya bar tushe.

Muka shiga mota zuwa Kusada, daga nan muka hau babur. Muka samu Yaya a gindin rijiyar tana tsintar wake a faifai, da lalube fiye da gani. Bayan gaisuwa na fara da nisa, daga tarihin jadawalin Turawa. Ta ce, "Auta, mi ka ɓata?" Na faɗa. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na fara fatan ta jefe ni da faifan.

"Shekara nawa ina ce maka ka karanta mini?"

Na ce da dama.

"Amma ka karanta ma na'ura."

Ɗiyarta ta shimfiɗa takardar a kan tabarma, ta ce ai Kawu ya karanta shafin da bakinsa, ita ta buga da hannunta, Inna kuma a gabanta aka haƙa. A cikin mu uku ba za a rasa ba. Ta ɗauko biro.

Layin farko ba wuya, bisimilla ce da salati, kalmomin suka zauna a gurabensu. Na biyu na tuna shi: rijiyar gidan ɗiyata a Bauranya. Da muka zo zurfi na ce gaba tara. Yaya ta ce sha ɗaya. Na ce ni na karanta. Ta ce ita ta ja ruwan shekara da shekaru, kafaɗarta ta san tsawon igiyar. Ɗiyar ta duba ta ce bayan gaba kalma uku ne a nan, ba ɗaya ba. Goma sha ɗaya ta shiga daram. Yaya ba ta ko ɗago kai ba.

Haka muka yi ta bi. Ni in kawo kalma, takarda ta ƙi ta, Yaya ta kawo wata. Ita ta tuna an ci karo da marmara a gaba na huɗu, har dagi ya karye aka aika Kusada wurin maƙeri. Ni na tuna ya rubuta cewa ruwan ya zo ranar Laraba da hantsi. Ta ce ƙwarai, tana daka ta ji ya yi kabbara daga ƙasa. Akwai inda ɗiyar ta tuna ta sha wahalar buga wata kalma, ta ce yumɓu ne, aka gwada ya yi. Wani abin da Yaya ta faɗa ba ya cikin takardar sam, kamar yadda Baba ya ƙi cin abincin gidan surukai kwana ashirin, sai wanda aka aiko daga gida. Na ce wannan ba gurbinsa. Ta ce a rubuta a gefe.

Kafin la'asar shafin ya cika, ban da layin ƙarshe. Kalma bakwai. Na san akwai shi, na san na karanta shi a shago, har na tuna a daidai nan takardar ta yage na riƙe ta da babban yatsa. Amma abin da ya ce ya fita kaina fit. Ɗiyar ma ta ce lokacin hankalinta na kan janareta. Na gwada addu'ar rufewa da ya saba, ta yi tsawo. Na gwada wata, ta gaza. Na ce wataƙila albarka ya sa mata, mu rubuta Allah ya yi mata albarka mu huta.

Yaya ta ce a'a. Abin da ba shi ya faɗa ba, ba za a sa masa a baki ba.

Ɗiyar ta karanta mata shafin daga farko, a hankali, yadda ake karanta wasiƙa. Yaya ta ajiye faifai ta saurara, hannunta ɗaya a kan bakin rijiyar. Da aka zo layin ƙarshe aka tsaya. Ta ce a ba ta takardar. Ta kai ta kusa da idonta, ta bi alamun da yatsa har ƙarshe.

"Ni na san abin da ya ce," in ji ta. "Kada a ba wa autana ajiyar komai."

Na ƙirga a yatsuna a ɓoye, ƙarƙashin riga. Bakwai cif. Ɗiyar ta ɗaga biro tana kallona, tana danne dariya. Na ce a duba tsawon kalmomin tukuna, aikin ilimi ba a yi masa gaggawa. Yaya ta ce a bar shi yadda yake, ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin faifan, ta ce in tashi in ja mata guga biyu tunda na zo.